Na'am Inna, Ina Zuwa

Maganin hawan jinin Inna ne ya kai ni gidan a ranar. Na rufe kantin maganin da nake aiki rana ta riga ta yi ja, na cusa ƙwayoyin a jaka, na bi ta layin masu walda don in yanke hanya. Duk sun tashi, sai warin ƙonannen ƙarfe da wani kare kwance a ƙarƙashin benci. Ni dai burina in miƙa magani, in duba ko an juya ta a gado, in koma gidana kafin maigidana ya fara nemana a waya.

Inna mahaifiyarmu ce. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, muryarta kuma ta dushe, sai ka kai kunne kusa da bakinta kafin ka ji. Matar da a da in ta ƙwala kira daga tsakar gida har yaran maƙwabta sai sun zabura. Ƙanena ne ke zaune da ita. Mutum ya ba talatin baya, gemu har da furfura jefi-jefi, amma a gidanmu ba a taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta.

Da rana Auta yana aiki a shagon buga takardu. In ya dawo kuwa ba ka ganinsa sai a tsohon siton da ke kusa da ƙofar baya, wanda ya mayar ɗakin ƙere-ƙere. Allah ya jarrabe shi da son wasu 'yan kwamfutoci masu araha, koren allo ne da bai wuce tafin hannu ba, ba murfi ba komai, cikinsa duk a fili. Shi zai jona musu wayoyi, ya narka dalma, ya rubuta musu abin da za su riƙa yi. Ya taɓa haɗa wanda ke ba tumatir ruwa da kansa, ya kashe tumatirin da ruwa. Ya haɗa wanda ke kunna fanka in zafi ya yi, ya ƙona fankar. Kuma ba ya yar da komai. Mataccen rediyo, batirin tsohuwar kwamfuta, murfin biro, duk wai za su yi amfani wata rana. Na sha gaya masa ranar da ya yi aure sai dai amarya ta kwana a kan wayoyi.

Amma akwatin Inna kam ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Wata rana ta zamo daga gado yana can sito, ta yi ta kira bai ji ba, sai da ya shigo ya tarar da ita a ƙasa tana hawaye. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya ɗauki robar ajiye abinci ya hudahuda ta, ya sa allon a ciki da makirfo da 'yar lasifika, ya ɗora a kan durowar gefen gadonta. In Inna ta ce "Auta", akwatin zai amsa da muryarsa da ya ɗauka ya ajiye a ciki: "Na'am Inna, ina zuwa." A daidai lokacin wayarsa za ta yi ƙara duk inda yake.

Da farko akwatin ba ya jin ta, saboda dushewar muryar. Akwai wani ɗan sukuru a jikin makirfon da ake murɗawa a ƙara masa ji. Auta ya murɗa, bai isa ba, ya ƙara, ya ƙara, sai da sukurun ya ƙure. Akwai kuma wani sashe da ke tantance muryar wane ne, shi ma ya cire shi, wai muryar Inna kullum canzawa take, akwatin na ta ƙin ta. Ya liƙa batir a ciki da gam don ko an ɗauke wuta. Ranar da ya gama har da yi mini alfahari, wai yanzu ko sauro ne ya ambaci sunansa sai akwatin ya ji. Na ce to Allah ya sa kada ya kashe Inna kamar tumatir, muka yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Sai wayarsa ta fara ƙara da magariba, ya taso da gudu, Inna ta ce ba ita ta kira ba. Ya ce ƙaramar matsala ce, makirfo ne ke kwaso hayaniyar waje, zai gyara. Bai gyara ba, don in ya rage jin makirfon akwatin ba zai ji Inna ba. Ya fara ramewa. Ana magana da shi sai ka ga ya karkata kai kamar mai sauraren wani abu a bayanka. Na taɓa samunsa tsaye gaban ƙofar baya, hannunsa a kan sakata, na tambaye shi me yake yi, ya ce shi ma bai sani ba. Na ɗauka rashin barci ne, har na kawo masa maganin ƙarin jini.

Bayan ƙofar nan ba komai sai wani kango da aka fara ginawa aka bari tun muna yara, ramin harsashinsa cike da koren ruwa. Ba mai bi ta wurin.

Da na iso gidan an ɗauke wuta. Na tura ƙofa na yi sallama, ba amsa. Takalman Auta na bakin ɗaki, butar shayi a kan risho ta huce. Daga sito ina jin warin dalma, na san yana ciki, don yana da abin narka ta mai aiki da batir. Amma a ƙarƙashin warin nan akwai wani, irin na jiƙaƙƙiyar toka. Na duba tsakar gidan, a bushe take.

Na shiga ɗakin Inna da fitilar wayata. Idonta biyu. Leɓenta ya bushe har ya tsage, ga kofin ruwa a kan durowa inda hannunta ba ya kai wa. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, na ce ina amfanin akwatin in za ta zauna da ƙishi ba ta kira shi ba. Ta damƙe wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta jawo ni har kunnena ya taɓa bakinta.

"Na daina kiransa," ta ce. "Tuntuni."

Na ce to wa ke sa wayarsa ƙara kullum.

Sai ta juya ido wajen tagar da ke kallon bayan gida. A lokacin na tuna da abin da take hana mu muna yara. Duk ɗan da aka kira da magariba bai ga mai kiransa ba, kada ya kuskura ya amsa. Na taɓa shan mari a kan haka.

"Shi bai amsa ba," ta ce, numfashinta na yankewa. "Akwatin nan ne ke amsa wa mai kiran. Da muryarsa. Kullum yana ce masa yana zuwa. Yau zai zo ɗaukarsa, ina ji a jikina. Cire shi."

Wallahi har a lokacin ina tsakanin yarda da rashin yarda. Na ɗauki kofin zan ba ta ruwa tukuna.

Sai 'yar koriyar fitilar akwatin ta ƙifta.

Ba wanda ya yi magana a ɗakin. Bakin Inna a rufe, nawa a rufe. Ko fanka ba ta juyawa.

"Na'am Inna, ina zuwa," in ji akwatin.

Ruwan ya zube mini a ƙafa. Can cikin sito na ji wayar Auta ta ɗauki ƙara, ta yi ta yi, ba a ɗauka ba. Na ji an ja kujera baya.

Tsuntsayen da ke hayaniya a kan wayar lantarkin titi duk sun yi tsit. Warin tokar nan ya shigo ta taga, ya cika ɗakin, har ina jin ɗanɗanonsa a harshe. Wani sanyi ya fara bin ƙasan siminti yana hawa ƙafafuna.

Sai ni ma na ji kiran.

Daga bayan gida ya taso, daga wajen kangon. "Autaaa." Muryar Inna ce. Ba wannan ta yanzu ba, tsohuwar, mai ƙarfi, wadda take kiranmu da ita mu zo cin abinci. Har da jan ƙarshen da take yi in ta fara gajiya da jira. Na juya na kalli Inna a kan gado, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, bakinta ko motsi bai yi ba.

"Na'am Inna, ina zuwa."

Na fizge wayar akwatin daga soket. Wauta ce, wutar ma babu. Fitilar na nan tana ƙiftawa. Na nemi batirin da farce, ya liƙe shi da gam kamar wanda ba zai sake buɗewa ba har abada. Kai, Auta, Auta da son aiki ya yi ƙarko.

Ƙofar sito ta yi ƙara. Takun sawu, a hankali, ba takalmi. Bai nufo ɗakin Inna ba.

Na ɗauki fulas ɗin ƙarfe na ruwan zafi, na sauke akwatin ƙasa na hau dukansa. Robar ta fashe, allon ya tsage, lasifikar ta gangara ƙarƙashin gado. Ban tsaya ba sai da fitilar ta mutu.

Shiru.

Takun ya tsaya. Na ce alhamdulillahi, na fara miƙewa.

"Autaaa."

Yanzu kiran ya matso. A jikin katanga yake.

Na riƙe numfashi. Na ce a raina ba mai amsa maka yanzu, la'ananne.

Sai wata siririyar murya ta fito daga cikin sito, daga 'yar lasifikar da ta fi waccan ƙanƙanta.

"Na'am Inna, ina zuwa."

Na manta. Ya taɓa gaya mini cewa masu irin aikinsu ba sa haɗa abu ɗaya tak, sai sun fara yin na gwaji a kan teburi, in ya yi aiki sannan su yi na gaske. Na gwajin na nan a jone da batirinsa tun ranar farko, shi ma an ƙure masa sukuru. Mutumin da ba ya yar da murfin biro, yaushe zai kwance abin da ke aiki.

Na fita da gudu, ɗankwalina ya faɗi ban tsaya ba.

Yana gaban ƙofar baya. Ya riga ya zare sakatar sama, yana kokawa da ta ƙasa da ta yi tsatsa. Na haska fuskarsa. Da a ce na ga tsoro a cikinta da sauƙi. Murna na gani, irin wadda rabon da in gan shi da ita tun kafin ciwon Inna.

"Yaya," ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Inna ta warke. Ba ki ji ta ba?"

Na ce Inna na ɗaki, ya zo ya gani da idonsa. Na ce ya dubi Allah ya saki sakatar. Na rungumo shi ta ƙugu na ja. Ramammen mutumin nan, amma kamar ina jan ginshiƙin gida. Jikinsa sanyi ƙalau.

Sakatar ta zare.

Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa.

Na gan shi ta wannan 'yar kafar. Ba zan ce na gan shi duka ba. Ya fi ƙofar tsawo, sai da ya ranƙwafo. Ya yafa wani abu mai kalar tsohon mayafin Inna, yana ɗigar ruwa. Inda ƙafafu ya kamata su kasance ban ga abin da ya taɓa ƙasa ba. Bakinsa a buɗe yake, ba leɓe ba harshe, kuma bai motsa ba sa'ad da muryar ta fito.

"Autaaa. Zo mana."

Daga sito aka amsa.

Auta ya sa ƙafa ɗaya a dokin ƙofa.

Na so in yi addu'a, harshena ya yi nauyi. Hannuwana suka fara zamewa daga rigarsa. Na ji ɗinkin na farkewa zare-zare.

Sai na ji wani abu a bayana. Ana jan jiki a kan siminti. Ja, tsayawa. Ja, tsayawa. Na ɗauka wani ne ya zagayo, na kasa waiwaye.

Inna ce. Ta jefo kanta daga gado, ta jawo shanyayyen jikin nan da gwiwar hannu ɗaya har bakin ƙofar ɗaki. Goshinta ya fashe, jini na bin hancinta. Ta ɗaga kai, ta tattaro abin da ya rage mata na numfashi, ta kira shi.

Ba ta ce Auta ba. Sunansa na yanka ta kira, wanda ko ni sai na yi tunani kafin in tuna shi. Muryar ta fito a karye, a shaƙe, ba daɗin ji ko kaɗan.

Sito shiru. Ba a koya wa allon wannan sunan ba.

Jikin Auta ya girgiza a hannuna. Ya juyo da kai a hankali, ya ga tsohuwa kwance a ƙasa cikin jini. Na ga murnar nan ta bar fuskarsa, ya dawo hayyacinsa.

"Na'am," ya ce, da bakinsa.

Na tura shi baya da dukkan ƙarfina, na banka ƙofar da kafaɗa, na danna sakatar sama. Wani nauyi ya jingina da ita ta waje, ƙarfen ya lotsa ciki, sanyinsa ya ƙona mini kafaɗa ta cikin riga. Na taka sakatar ƙasa da diddige har ta shiga. Na faɗa sito ina laluben teburin, na tarar da 'yar koriyar fitila na ƙiftawa a tsakanin tarkace, na tattaro wayoyin duka na fizge. Suka yanke mini yatsu, ban ji ba sai daga baya.

Bakina ya buɗe a lokacin, na yi ta karanto duk abin da ya zo mini, ina maimaitawa ina kuka. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga nesa na ji an fara kiran salla, sannan wani kare ya yi haushi a layin masu walda. Nauyin ya saki ƙofar.

A daren muka bar gidan. Maigidana ya zo da mota muka kwashe su zuwa wurinmu, ko kayan sawa ba mu tsaya ɗauka ba. Auta bai sake komawa siton ba. Mutumin da ba ya yar da komai ya bar allunansa da dalmarsa da duk tarkacen da ya yi shekaru yana tarawa, ko tambayarsu bai yi ba.

Ya samu sauƙi, ya fara cin abinci, ya koma aiki. Sai dai muryarsa ba ta dawo ba. Ta dushe kamar ta Inna, sai ka matso kafin ka ji shi. Likita ya duba maƙogwaron ya ce bai ga komai ba. A gidana na kafa doka, ba mai sake ce masa Auta, har yarana sun koyi ce masa Kawu kawai. Shi kuma ya samo zaren ɗinki mai kauri, ya ɗaura a hannun Inna mai lafiya, ɗaya bakin a nasa, in tana son abu sai ta ja. Na tsokane shi na ce duk karatun kwamfutar nan a zare ya ƙare, ya yi murmushi. Na fara sakin jiki, na ɗauka mun rabu da abin.

Wata magariba muna zaune a ɗakin Inna, ya kwance zaren zai yi alwala, ya tsaya kurɓar sauran shayinsa. Yana gabana, kofin a bakinsa. Inna na tsakanin barci da farkawa, ƙishi ya taso mata, ta ja zare ta ji ba kowa. Sai bakinta ya riga hankalinta, sabon shekara da shekaru.

"Auta," ta ce, a hankali ƙwarai.

Daga bayan katangar gidana aka amsa. Murya cikakkiya, lafiyayya, muryar ƙanena ta da.

"Na'am Inna, ina zuwa."

Kofin na nan a bakin Auta, idonsa a kaina.

Tun daga ranar Inna ba ta sake kiran kowa ba, ko ni. In ƙishi ya kama ta, kofin kawai take kallo har wani ya lura.